Ayisin Ɗin Yaya Altine

A shekarun da kek ya fara shiga gidajen biki a Gwarzo, idan aka ce kek ɗin gidan Zailani tela, kowa ya san mutum biyu ne suke yin sa. Naja'atu matar Zailani ita ke kwaɓi da gashi, maƙwabciyarta Altine ita ke kwalliya.

Altine ta girmi Naja'atu da wajen shekara goma sha biyar. Mutuniyar wata 'yar unguwa ce a bayan Gude, cikin ƙasar Kabo, Bahaushiya gaba da baya, sai dai tun zamanin kakanta danginsu suka karɓi addinin Kirista. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Rifkatu. Da ta samu aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, sai ta kama hayar ɗaki biyu a gidan da ke jikin na su Zailani. Katanga ɗaya ce tsakani, ita ma gajeriya, wadda ake miƙa gishiri da garwashin wuta ta kanta.

Ta kan katangar nan suka saba. Naja'atu tana amarya, ba ta san kowa a unguwar ba, wata rana da hantsi ta ji wani ƙamshi da ba ta taɓa ji ba, ta kasa haƙuri ta leƙa ta yi sallama. Altine ta yi dariya ta miƙo mata yanki guda a murfin kwano. Kafin shekara ta zagayo Naja'atu ta iya zuba yashi a gindin tukunyar ƙarfe, ta ɗora gwangwanin kwaɓi a kai, ta raba garwashi sama da ƙasa, ta soka tsinke ta gane ko ya gasu. Yaya take ce mata, ita kuma tana ce mata Naja. Ranar da aka haifi Mahbub, ɗan farin Naja'atu, Altine ce ta riƙe mata kafaɗa har ungozoma ta gama aikinta.

Abin da ya fitar da sunansu shi ne farin abin nan da ake shafe kek da shi a yi masa fulawoyi da rubutu, wanda masu sana'ar ke kira ayisin. Na sauran mutane garin suga ne zalla da bota, idan ka sa a baki sai ka ji har cikin haƙori, manya kan kankare shi da cokali su ture gefe. Na Altine kuwa fari ne sol, mai laushi, zaƙinsa kaɗan, tsofaffi ma suna lashe faranti. Kuma duk da laushin nan, idan ta matsa fure da 'yar ledarta sai ya tsaya cak, ganye ganye, har a gama biki bai kwanta ba. Da asuba take dafa wani abu a ɗakinta ta kawo shi a rufe cikin kwanon sha, ta zauna a tabarmar Naja'atu tana bugawa da bota suna hira. Ba ta taɓa ɓoyewa ba. Sau da yawa takan ce, zo ki gani ki koya, Naja'atu ta ce ai ga ki, me zan yi da koyo. Haka suka yi shekara tara.

Sai zamani ya fara matsewa. Aka rage ma'aikatan kicin a makarantar, sunan Altine yana cikin waɗanda aka sallama. Suga da fulawa suka yi tashin gwauron zabi, mai cin tuwo sau uku ya koma biyu. Daga nan kek ya zama shi ne cin Altine da shanta da hayar ɗakinta da makarantar Rifkatu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, mutanen Gwarzo sun yi murna, Naja'atu ma ta yi. Kiɗa ya ja baya a gidajen biki, walima ta yawaita, kuma walima ba ta cika sai da abin rabawa, saboda haka aikinsu ma ƙaruwa ya yi. Ba wanda ya zo ya taɓa Altine ko ya ce mata ta tashi. Abin da ya canza shi ne bakin mutane. Kowa ya zama mai bincike a kan abin da yake ci da wanda yake zama da shi, wanda ya sani da wanda bai sani ba duk suna fatawa.

Wata Asabar Naja'atu ta kai kek gidan Hajiya Gwamma, matar wani babban ɗan kasuwar hatsi, wadda 'yarta ta sauke karatu. Tsakar gida cike da mata. Ana cikin yaba kwalliyar, wata baƙuwa da ta zo daga birni ta sunkuya ta shinshina, ta ce ita fa ta ji ana cewa waɗancan mutanen giya suke ɗigawa a kek don ya yi ƙamshi ya kuma daɗe. Naja'atu ta san ƙamshin filebo ne, kwalbar ma ita da kanta ta saye ta a kantin wani Alhaji. Ta san Altine ko warin giya ba ta so. Hajiya Gwamma ta dube ta a gaban kowa ta tambaye ta hannun wa da wa ya taɓa kek ɗin nan.

Naja'atu ta ga idanu sun yi mata caa. Ta ji bakinta yana cewa, "Ni kaɗai nake yi, Hajiya. Ai na daɗe da daina haɗa aiki da ita."

Aka ce madalla, aka yanka kek, aka cinye har da ayisin ɗin da Altine ta tashi tun asuba ta buga.

Magana ba ta kwana a gari irin Gwarzo. Washegari Altine ba ta shigo ba, jibi ma haka. Naja'atu tana jin motsinta ta bayan katanga, tana jin tarinta, tana jin sanda take kiran Rifkatu, amma ta kasa ɗaga kai. Da ta gaya wa Zailani abin da ya faru, ta yi zaton zai ce gara haka. Sai ya ajiye almakashi ya dube ta ya ce, a karatun da ya yi gaban malaminsa bai taɓa jin inda aka hana cin abincin irin su Altine ba, amma ya ji haƙƙin maƙwabci har ya gaji da ji, ya kuma ji hukuncin ƙarya. Ya ce ta tashi ta je ta ba ta haƙuri tun abin bai yi tsami ba. Ta ce to, gobe. Goben ta zama jibi, jibi ta zama mako. Kunya irin wannan, kullum aka bar ta ƙara nauyi take.

Ƙarshen wata na biyu, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan su Altine. Naja'atu tana ɗaki tana jin ana fitar da gado, ana fitar da tukwane. An daɗe da gama lodi motar ba ta tashi ba. Ta ji direba yana ta danna ham, ta ji Altine tana ce masa ya ɗan ƙara haƙuri. Ta tashi ta ɗauki mayafi, ta kai bakin ƙofar ɗaki, ta dawo ta zauna. Daga baya motar ta tashi.

Shekara uku Naja'atu tana yin sana'ar ita kaɗai. Gashinta bai canza ba, amma kwalliya ta gagare ta. Ta koma irin na kowa, garin suga da bota, ga tsada ga zaƙi, tana gani ana kankarewa ana ture shi gefen faranti. Idan ta rage suga sai abin ya saki, furen da ta matsa ya baje kamar an taka shi. Ta tuna ta taɓa jin Altine ta ambaci fulawa da madara, sai ta zuba ɗanyar fulawa, ya fito yana garɗin ƙullu. Ta dafa, ya yi gudaji. Ta tace ta zuba a bota, botar ta narke ta zama mai. Kowane gwaji asarar kayan da ba su da arha ne, Zailani kuwa ɗinki ya ja baya, mutane sun koma gyaran tsofaffin kaya. Ba ya ce mata komai idan ya ga tana zubar da kwano a bayan gida. Ita ma ba ta ambatar sunan Altine, sai Mahbub ne a farko yake tambaya ina Rifkatu, shi ma ya gaji ya bari.

A bazarar shekara ta uku aka ba ta aikin wata walima a Kabo. Ta shiga motar haya da kek a cinya, rana tana dukan kwanon mota, ga tsaye-tsaye a hanya. Kafin su isa, rubutun ya zame, fulawoyin sun gangaro sun taru a gindin tire. Masu walima mutanen kirki ne, suka karɓa suka ce ba komai, ai ciki za shi. Wannan ba komai ɗin ya fi mata zagi ciwo.

Tana tsaye a bakin titi tana jiran motar komawa, ranar kuwa kasuwa na ci, sai ta ji an ce, Anti Naja. Ta juya ta ga wata doguwar budurwa da ƙullin magani a hannu. Sai da yarinyar ta yi murmushi ta gane Rifkatu ce. Budurwar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tambayi Baban Mahbub, ta tambayi Mahbub da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, har wadda aka haifa bayan tashinsu ta san sunanta. Naja'atu ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta iya cewa, ya Yaya?

Rifkatu ta sunkuyar da kai. Ta ce jikin dai sai addu'a. Ciwon suga ne, ya taɓa idanu, yanzu sai dai ta bambance haske da duhu, ga wani miki a ƙafa da ya ƙi warkewa tun kaka. Ta ce ita kuma an sa ranar aurenta, saura mako uku, da wani malamin firamare ɗan unguwarsu. Babar tata ba abin da take maimaitawa sai cewa ta yi wa 'ya'yan mutane kek ba adadi, ga ta tilonta za a aurar ba ta ganin ko tafin hannunta.

A mota Naja'atu ta rufe fuska da mayafi har Gwarzo. Da ta faɗa wa Zailani, bai tuna mata da maganar da ya yi shekara uku baya ba. Cewa kawai ya yi ta shirya, jibi ba shi da ɗinkin gaggawa, zai kai ta a babur.

Daga Gude suka saki babbar hanya suka bi ta cikin gonaki da aka share ana jiran ruwa. Unguwar gidaje ne da ba su fi ashirin ba, da 'yar majami'a ta ƙasa mai rufin kwano. Zailani ya tsaya wajen maza a gindin wata tsamiya, aka shimfiɗa masa tabarma. Rifkatu ta shigar da Naja'atu.

Altine tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya a miƙe an naɗe ta da tsumma mai tsabta. Matar da Naja'atu ta sani mai jiki, mai ɗaukar buhun fulawa ita kaɗai, ta koma kamar a hure ta ta faɗi. Naja'atu ta yi sallama. Altine ta karkata kai, sannan ta amsa ta ce, Naja ce? Maraba, maraba. A kawo mata ruwa.

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta yara da ta zafi da ta jiki, suka sake gaisawa, kowacce tana riƙe da gaisuwar don kada ta ƙare. Da ta ƙare, Naja'atu ta buɗe baki za ta fara abin da ta kwana biyu tana shiryawa, sai Altine ta riga ta. Ta tambaye ta har yanzu tana yin kek? Ta ce tana yi. Ayisin fa? Naja'atu ta ce ya gagare ta, ta ba ta labarin na Kabo da ya narke. Altine ta yi 'yar dariya, ta ce Rifkatu ta hura gawayi ta ɗauko ƙaramar tukunya.

Naja'atu ta zo da fulawa da madarar gari da bota a matsayin tsaraba. Da su aka yi karatun. Altine ta sa ta dama madara da ruwan sanyi, ta zuba fulawa cokali biyar ta rariya, da suga ɗan kaɗan wanda bai kai rabin abin da ta saba zubawa ba, da gishiri ɗan tsunkule. Ta ce tun a sanyi ake damawa har ya zama ba gudaji ko ɗaya, kafin ya ga wuta. Wutar ma kada ta yi ƙarfi, kuma hannu ba ya tsayawa. Ba ta gani, amma tana jin ƙarar muciya a gindin tukunya. Can ta ce, saurara, kin ji ya fara nauyi? Kamar talgen tuwo za ki kai shi, idan kin ja muciya hanya ta buɗe ba ta rufe nan da nan ba, to ki sauke.

Aka juye a faranti, ta sa aka manna leda a fuskarsa don kada ya yi ɓawo, aka kai shi gindin randa aka ɗora a kan jiƙaƙƙen yashi. Ta ce a nan kowa yake faɗuwa, wajen gaggawa. In da sauran ɗumi ko na jikin mutum ne, bota za ta narke. Sai da aka yi azahar, Naja'atu ta yi salla a ɗakin Rifkatu, suka ci ɗan wake, sannan Altine ta sa aka kawo farantin ta taɓa da bayan yatsa ta ce ya yi.

Naja'atu ta buga bota ita kaɗai har hannunta ya gaji, Altine ta ce ba ta yi fari ba tukuna, tana ji a sautinta. Ta ƙara bugawa. Sannan cokali ɗaya na talgen, a buga ya ɓace, a ƙara wani. A tsakiya abin ya kece kamar nonon da ya tsinke, Naja'atu ta ce ya lalace. Altine ta ce ci gaba, haka yake yi kafin ya haɗu. Ta ci gaba, kafaɗarta kamar za ta cire, sai ga shi ya game, ya tashi fari sol, yana tsayawa a bakin cokali. Ta ɗiga lemon tsami da filebo. Ta zuba a leda ta yanke baki ta matsa fure a bayan faranti, furen ya tsaya.

Altine ta miƙo yatsa, Naja'atu ta ɗora mata kaɗan. Ta sa a harshe ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Kin san dalilin da ya sa na koyi yin sa haka?" in ji ta. "Tun Rifkatu na goye likita ya ce min ina da ciwon nan. Mai girki kuwa dole ta ɗanɗana abin da take yi. Na yi ta ragewa ina gwadawa har na samu wanda zan iya sa wa a baki ban kwana ina jin jiki ba."

Naja'atu ta ajiye ledar. Shekara tara suna zaune a tabarma ɗaya, tana ganinta tana shan shayi ba suga, tana ganinta tana mayar da lemon kwalba idan an ba ta a gidan biki, ba ta taɓa tambaya ba. Ta ɗauka ra'ayi ne. Hawaye suka zubo mata, ta matsa ta kama hannun Altine ta ce, Yaya, ki yafe min, na yi miki ƙarya a gaban mutane, na raba ki da abincinki.

Altine ba ta janye hannun ba, ba ta kuma yi saurin cewa ba komai ba.

"Maganar gidan Hajiya ba ta dame ni sosai ba," ta ce. "Tsoro ne, kowa yana jin sa a lokacin, ni ma ina ji. Ranar da zan tashi ce. Na tsayar da direba ya fi rabin awa, yana ta faɗa, ina cewa yanzu Naja za ta leƙo. Ko ta kan katanga ne."

Naja'atu tana so ta ce ta ɗauki mayafi ta kai bakin ƙofa, ta ga faɗar hakan ba ta da amfani.

"Na yafe miki tuntuni," in ji Altine. "Mantawa ce ban iya ba. Share fuskarki, kada mijinki ya ce mun dake ki."

Mako ukun nan Naja'atu ta yi ta gwaji a gida har hannunta ya faɗa. Ta gano idan ta haɗa botar da ɗan man kek mai tauri ya fi jure zafi, ta koma ta gaya wa Altine, Altine ta ce ita ma da haka take yi a bazara, ta manta ne ba ta faɗa ba. Ana gobe ɗaurin aure ta gasa kek hawa uku a Gwarzo, ba ta yi masa kwalliya ba. Da sassafe Zailani ya kai ta da kayan aikinta, ta zauna a wani ɗakin soro mai sanyi ta buga ayisin ta shafe shi, ta jera fulawoyi farare da ruwan hoda tun daga sama har ƙasa. Matan unguwa suna ta leƙe. Wasu sun san ko ita wace ce da abin da ta yi, ta gani a idonsu, amma ba wadda ta fasa yi mata sannu.

Da ta gama, aka riƙo Altine aka kawo ta. Ta wanke hannu ta goge, ta ce a kai yatsanta. Ta bi gefen kek ɗin a hankali, ta taɓa fure ɗaya, ta ƙirga ganyensa da ɗan yatsa, ta taɓa na kusa da shi. Ta ce na biyun ya fi na farko girma, hannunki yana rawa a farko. Sannan ta ce ya yi kyau. Wurin da yatsanta ya ɗan lotsa, Naja'atu ta ɗauko leda za ta gyara, Rifkatu ta riƙe mata hannu ta ce a bar shi haka.

Naja'atu ba ta shiga majami'a ba, ta zauna a tsakar gida da wasu mata Musulmi 'yan Gude da suka zo taya murna, suna jin waƙa daga nesa. Da aka dawo aka yanka kek, amarya ta kai wa babarta yanki ɗan mitsitsi, ta cinye shi duka. Da yamma da za su tafi, Altine ta ce idan masara ta yi ta dawo da yaran, tana so ta ji muryar Mahbub ko ta fashe. Naja'atu ta ce in Allah ya yarda.

Ta koma sau ɗaya bayan ruwan farko, ita kaɗai, ta tarar ƙafar ta kumbura har gwiwa, an kai ta asibiti an dawo da ita. Hirar ba ta yi tsawo ba, Altine tana yi tana gyangyaɗi. Daga nan damina ta kankama, hanyar bayan Gude ta cika da taɓo, ƙaramar 'yar Naja'atu ta kwanta da zazzaɓi, aikin suna biyu ya shigo. Tana ta cewa Juma'a mai zuwa.

Wani mai sayar da kaji ɗan wajen Gude, Hammadu, shi ya tsaya a shagon Zailani wata Talata, cikin hira ya ce ashe matar nan mai ciwon ƙafa da kuke zuwa dubawa ta cika, yau kwana huɗu da binne ta. Zailani ya rufe shago ya shigo gida. Naja'atu tana tankaɗe, ta ga fuskarsa ta ajiye rariya tun bai yi magana ba.

Washegari suka tafi, rabin hanya tura babur suka yi. Masara ta yi kai a gonaki, ta fara fitar da gemu. Tsakar gidan cike da mata a kan tabarmi. Rifkatu ta taso ta faɗa jikinta, suka yi kuka tare. Naja'atu ta zauna cikin matan ta rasa irin addu'ar da za ta furta a wurin, sai ta yi ta maimaita Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya ba mu haƙuri, suna amsawa da amin. Rifkatu ta ce mata an so a aika Gwarzo, ruwa ne ya hana, kuma abin ya zo da sauri, kwana biyu kawai ta yi ba ta magana. Naja'atu ta so ta tambaya ko ta ambace ta kafin nan, ta ga ba ta da bakin tambayar.

Kafin su tafi Rifkatu ta raka ta bayan majami'a ta nuna mata wurin. Ƙasar ja ce, ruwa ya riga ya fara kwantar da ita. Naja'atu ta tsaya ɗan nesa, hannunta cikin mayafi, har sai da Zailani ya aiko a ce mata hadari yana haɗuwa.

Ruwan ya cim musu a Kabo. Suka fake a rumfar wani mai faci, su da wasu mutum uku da akuya. Naja'atu ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallon ruwa yana gudu a kwata. Da ya tsagaita, sauran mutanen suka watse, Zailani ya goge sirdin babur da hannun riga ya ce ko su kama hanya kafin ya dawo. Ta ce ya ɗan ƙara mata minti kaɗan. Ya jingine babur ɗin, ya dawo ya zauna kusa da ita.